Ranar da Fuskar Firdaus Ta Fito

"Anti Lubna, in na shafa man da kike shafawa, ni ma zan fito a hoto?"

Firdaus ce ta yi tambayar, tana tsaye a bakin ƙofar falo da kofin zoɓo a hannu. Shekararta bakwai. Anti Lubna, matar abokin babanta da ta zo musu yini daga unguwar Thumama, ta tsaya da cokali tsakanin faranti da baki. Duk matan Najeriya da ke Doha sun san Lubnar da ta sauka daga jirgi shekara huɗu da suka wuce ba wannan launin gare ta ba, amma ba wadda ta taɓa furtawa.

Sauda, mahaifiyar yarinyar, ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Ke! Wuce ɗaki."

"Ƙyale ta, Maman Firdaus," in ji Lubna, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wa ya ce miki ina shafa wani abu, 'yar nan? Zaman sanyin esi ne kawai da ruwan Ƙatar."

Aka ƙarasa cin abinci ana hirar tsadar kifi. Baƙuwa na tafiya bayan la'asar, Sauda ta nufi ɗakin 'yarta da niyyar faɗa. A bakin ƙofa ta tsaya. Ba rashin kunyar ba ne ya tsaya mata a rai, kalmar nan ce, "ni ma zan fito". Ta zauna a gefen gado.

"Fido, wane hoto ne ba ki fito ba?"

Yarinyar ta daɗe tana wasa da igiyar jakar makarantarta. Can ta zura hannu ƙasan littattafai ta zaro wani kwali da ya lanƙwashe. Hoton 'yan ajinsu ne, wanda Sauda ta yi ta tambaya tun watan jiya ana ce mata ba a raba ba. Yara ashirin da huɗu, layi uku, a gaban farin bango cikin rana. 'Yan Masar, 'yan Indiya, 'yan Filifin, kowa da hancinsa da girarsa. A ƙarshen layin tsakiya akwai farar kwalar riga, da haƙora, da fararen idanu biyu. Tsakaninsu duhu ne kawai.

"Wani yaro ya ce an manta ba a kunna fitilar fuskata ba," in ji Firdaus. "Kuma Mis ɗin ajinmu ta ce nan da sati uku kowa ya kawo hotonsa da kayan ƙasarsu, za a manna a bangon aji. Ni ba zan kai ba, Mami. Ki ce mata ba mu da kayan."

Sauda ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ga yarinyar ta riga ta yanke hukunci a kan fuskarta, kuma tana da shaida a hannu. Magana ba ta ture hoto. Kafin aure Sauda ta yi shekara uku tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Zariya, kanta a sunkuye kan na'urar duba jini, kuma abu guda ta koya da ba ta mantawa: in ka leƙa ba ka ga komai ba, fara duba hasken kafin ka zargi abin da ka ɗora.

Mijinta Ghali injiniya ne a wani kamfanin gas. A shekarar gasar kofin duniya zumuɗi ya ɗebe shi ya sayi kyamara, ya ɗauki filin wasa na Thumama ta gabas da yamma, ya ɗauki wata kyanwa a bakin shara, daga nan ya ɗora jakar kan wadirof. Da ya dawo daga masallaci da yammacin nan ya tarar da Sauda a kan kujera tana sauko da ita.

"Lafiya? Sayarwa za ki yi?"

"Aiki za ta fara. Ta ci hutu ya isa."

Ya buɗe jakar yana bayani da alfahari irin na wanda aka tuna da dukiyarsa. Wannan, in ji shi, ita ake kira ful-firem, idon da ke cikinta babba ne, yana shan haske fiye da na waya nesa ba kusa ba. Ga lensi biyu, mai hamsin da mai tamanin da biyar. Sauda ta ɗaura mai hamsin ta murɗa shi hagu, ta murɗa dama.

"Ta ina ake zuƙo abu?"

"Ba sa zuƙowa. Firaim ake ce musu. In kina son abu ya matso, ke za ki matsa. In kina son ya yi nisa, ki ja baya."

"Wato ka sayo abu mai nauyin dutsen niƙa, kuma ni zan riƙa yi masa tafiya?"

"Shi ya sa hotonsu ya fi fita tar."

"Shi ya sa dai ya shekara uku a kan wadirof, Injiniya."

Kuskuren da ta yi, gaggawa ce ta jawo shi. Washegari Juma'a, ana saukowa daga masallaci, ta lallashi Firdaus da alkawarin askirim ta fito da ita ƙofar gininsu a unguwar Mansura. Rana na tsakiyar ka. Yarinyar na sanye da farar abayarta ta Juma'a, bayanta farin bangon gidan maƙwabta. Sauda ta bar kyamarar a kan oto, wato ta saita komai da kanta, tana ganin ai na'ura mai wannan girma ta fi ta sanin aikinta. Ta danna. Kafin ta duba, Firdaus ta kamo igiyar ta jawo kyamarar ƙasa ta leƙa.

Bangon ya fito da kowane tsagu nasa. Abayar ta fito har zaren ɗinkinta. Fuskar kuwa ta fi ta hoton makaranta duhu.

Firdaus ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi wa Sauda sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ai na gaya miki," ta juya ta hau bene, askirim ɗin ma ba ta tambaya ba.

Sauda ta bi ta sama ta durƙusa a gabanta.

"Laifina ne, ba na fuskarki ba. Ban iya ba na taɓa. Na yi miki alkawari, ba zan ƙara saita kyamarar nan a kanki ba sai ranar da kika ce da bakinki in ɗauke ki."

"Ba zan ce ba."

"To, shi ke nan."

Ranar Lahadi da safe, farkon makon aiki a Ƙatar, motar makaranta na tafiya, Ghali kuma ya riga ya fita tun shida, Sauda ta share teburin cin abinci. Ta zuba baƙin dabino guda bakwai a farin faranti, ta ɗauko littafin rubutu da biro. Ta ɗauka a kan oto: faranti ya yi kyau, dabino ya zama gawayi. Ta rubuta. Ta kalli bidiyon koyarwa a waya har batir ya mutu, mafi yawansu da fararen 'yan mata suke gwaji, abin da take nema sai a ambace shi cikin numfashi ɗaya a wuce. Amma a kwana na uku ta gano bakin zaren. Kyamara in ta ga fari ya yi yawa a gabanta, sai ta tsorata ta rage haske don kada farin ya ƙone, duk abin da yake mai duhu kuma ya nutse. Garin nan kuwa komai fari ne, bango fari, riguna farare, sama ma fara. Na'urar ba ta san wanda kake so a cikin hoton ba. Bango take yi wa hidima sai ka hana ta.

Ta cire oto. Ta koyi sa kyamarar ta auna haske daga kan dabino shi kaɗai. Da ta danna, sai ga fatar dabinon da ƙyallinta, da ja-ja a cikin baƙin, da 'yan layukan jikinsa. Ta zauna tana kallo har tukunyar wake ta kama.

Dabino ba ya motsi, ba ya da ido. Ana bukatar mutum, kuma a gidan mutum ɗaya ne Firdaus ta ɗauko launinsa.

Haka Ghali ya shiga uku. Kullum ya dawo daga aiki ƙarfe uku da rabi, kafin ya ci abinci, sai a sa shi ya saka farar jallabiya ya zauna kusa da tagar falo, domin lokacin sanyi ne, biyar na yi rana ta tafi.

"Juyo. Ba haka ba, haɓarka ƙasa. Kai kuma me ya sa kake ɗaure fuska kamar hoton katin iƙama?"

"Yunwa nake ji, Hajiya mai hoto."

"Tuwo ba gudu zai yi ba. Hasken ne ke gudu."

Lensi mai tamanin da biyar ya ba ta wahala a wannan falo mai faɗin tabarma uku. In ta tsaya inda ta saba, hancin Ghali da gashin bakinsa ne kawai ke cika hoton. Sai ta yi ta ja da baya, ta wuce kujera, ta wuce firji, har ta tsinci kanta a cikin kicin tana ɗauko shi ta ƙofa. Ran nan ta ture kwandon albasa da ɗuwawu, suka yi ta bin albasa a ƙarƙashin kujeru. Sannan ga wata matsalar: in ta buɗe bakin lensin gaba ɗaya don ya sha haske, wurin da ke fita tar bai fi kaurin yatsa ba. Sai ƙarshen hanci ya fito, idanu su dushe. Ko kunne ya fito, sauran mutum ya narke.

"Wannan kunnen nawa ya yi kyau ƙwarai," in ji Ghali yana duba hoton. "A wanke shi babba a aika wa Hajiyata a Zariya."

Ta rubuta a littafinta: a kan ido ake saitawa, idon da ya fi kusa. Ta rubuta: kada a buɗe baki duka, a rage kaɗan. Shafuka suka cika da lambobi da zanen taga da kibiyoyi.

Duk wannan abin Firdaus na teburin cin abinci tana aikin gida, ta ba su baya. Sauda ba ta taɓa kiranta ba. Amma ta lura fensirin yakan tsaya a duk lokacin da kyamarar ta yi ƙara.

A kwana na goma sha biyu, gefen fuskar Ghali da ke kallon taga ya fito daidai, ɗaya gefen kuma ya ƙi. Sauda ta shiga kicin ta fito da babban tiren silba na kayan aurenta, wanda ta yi rigima da ma'aikatan jirgi a kansa kafin ya iso Doha.

"Fido, zo riƙe min tiren nan. Ba ke zan ɗauka ba, hannu nake nema."

Yarinyar ta zo tana jan ƙafa. Sauda ta tsayar da ita a gefen babanta, ta nuna mata yadda za ta karkata tiren ya fuskanci taga. Firdaus ta karkata shi. Wani haske mai laushi ya tashi daga tiren ya hau kumatun Ghali. Ta sauke, ya ɓace. Ta ɗaga, ya dawo. Ta yi haka sau uku.

"Ke, fuskata ce kika mayar fitilar mota?"

"Tsaya a nan," in ji Sauda daga ƙofar kicin. Ta danna.

Ba ta kira kowa ba, ta dai sauke kyamarar daidai tsawon yaro. Firdaus ta ajiye tiren ta zo. Ta daɗe tana kallo. Jallabiyar fara ce sol, mutumin da ke cikinta baƙi ne kamar yadda Allah ya yi shi, kuma ba abin da ya ɓuya: girarsa, ramin haɓarsa, ɗan murmushin da yake ƙoƙarin dannewa.

"Abba, ashe kana da furfura. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

"Goge hoton nan yanzu-yanzu!"

Firdaus ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ba ta ce komai game da kanta ba. Washegari ma haka. Sauda ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ƙirga kwanaki. Da safe in ta sallami kowa, takan rataya kyamara ta shiga jirgin ƙasa na metro tasha ɗaya zuwa unguwar Mushairib, tana yawo a lungunan tana kallon bango kamar mai neman gidan haya. A wani lungu ta samu abin da take so. Wajen ƙarfe tara na safe gefe ɗaya inuwa ne, bangon da ke fuskantarsa kuma, na dutse mai ruwan madara, yana shan rana yana maido ta a hankali. Bangon nan tire ne mai hawa huɗu. Ta miƙa bayan hannunta a inuwar ta ɗauka, ta duba, ta rubuta lokacin.

Ranar Alhamis, saura kwana uku a kai hotuna, tana yi wa Firdaus tsifa sai yarinyar ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Mami, in ban fito ba za ki goge?"

Hannun Sauda ya tsaya a cikin gashin.

"A gabanki zan goge. Ke ma za ki danna."

"Kuma ba za ki nuna wa Abba ba?"

"Ko shi."

"To, ki ɗauke ni."

Ranar Juma'a aka yi kitso da lalle. Asabar da safe suka fito su uku, Firdaus cikin riga da siket na atamfa koriya mai ratsin ruwan goro, da ɗankwali da Sauda ta ɗaura sau huɗu kafin ya zauna. Ghali na riƙe da jaka, an kuma ba shi aiki guda: ya tsaya a bayan Sauda ya riƙa duba mata hanya in tana ja da baya.

Lungun na nan yadda ta bar shi, ba kowa sai wani mai goge gilashin shago can nesa. Sauda ta jira ya shige, don ba ta son fuskar wani a hotonta ba da izininsa ba. Ta tsayar da yarinyar a inuwa, fuskarta na kallon bangon.

"Ki ɗauko har takalmi fa," in ji Ghali. "Kin san Hajiya. In ba ta ga takalmi ba za ta ce ba mu saya mata ba."

Ta ɗaura mai hamsin ta yi na Hajiya, daga ɗankwali har takalmi. Sannan ta canza zuwa mai tamanin da biyar. Firdaus ta ƙame kamar soja, hannuwa a manne da cinya, leɓe a cije, idanu na kallon ƙasa. Jira take a gama a tabbatar mata da abin da ta sani.

Sauda ta durƙusa don idonta ya zo daidai da na 'yarta. Ta yi kusa da yawa. Ta ja baya a durƙushe, taku ɗaya, taku biyu, ido a manne da kyamara.

"Abban Firdaus, akwai wani abu a bayana?"

"Yalla, ci gaba," in ji shi, idonsa a kan waya.

Taku na uku ta ci karo da bakin wata katuwar tukunyar fulawa, ta zauna daɓas a cikinta, ganye har kunne. Kyamarar dai ba ta bar idonta ba. Firdaus ta ɗago. Ta ga uwarta a cikin tukunya, mayafi ya karkace, ƙafafu a sama, sai dariya ta ƙwace mata. Sauda ta saita kan idon hagu ta danna, ta danna, ta sake dannawa.

"Wallahi saƙon ofis ne," Ghali ke cewa yana jawo ta. "Sakan biyu kawai na duba."

"Za mu yi maganar a gida."

Ba ta duba hoton ita kaɗai ba. Alkawari ne. Ta zauna a bakin tukunyar ta kira yarinyar, suka leƙa tare.

Bayan hoton duk ya narke ya zama ruwan zuma. A tsakiya ga Firdaus, baƙa, fatarta na sheƙi kamar an shafa mata man kaɗanya yanzun nan, goshinta da kumatunta sun kama hasken bangon. Ga wushiryarta. Ga ɗan tabon da ke ƙarƙashin girarta na dama, wanda ta samo a kan lilo tana shekara huɗu. Ga kowane gashin ido.

Yarinyar ta ƙura wa hoton ido. Sauda ta nuna mata maɓallin gogewa, ta ɗora mata yatsa a kai.

"Ƙara girman wajen idon," in ji Firdaus.

Sauda ta ƙara. A cikin baƙin idon akwai farin bangon, ƙarami, a gabansa kuma wata 'yar mitsitsiyar mace da ƙafafu a sama.

"Mami, ga ki nan a cikin idona! Abba, zo ka ga Mami a tukunya!"

Ta janye yatsanta daga maɓallin.

Bayan azahar Ghali ya kwanta, uwa da 'ya suka gangara wani ƙaramin shagon wankin hoto a bayan layinsu, tsakanin mai gyaran waya da mai shayin karak. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, ya karɓi katin kyamarar ya ce su dawo bayan awa ɗaya. Suka zaga suka sayo kwali mai launi da gam. Da suka dawo ya miƙo ambulan da hannu biyu yana murmushi, kafin Sauda ta ajiye leda Firdaus ta karɓe ta zaro.

Atamfar ce, ɗankwalin ne, dariyar ce. Amma yarinyar da ke ciki launin shayi da madara ce, fuskarta sumul kamar roba.

"Me ka yi wa hoton nan?" Muryar Sauda ta fito a hankali, cikin Turancin da suke fahimtar juna da shi.

"Na ɗan gyara, madam. Kyauta ne, ba ƙari. Na haska ta kaɗan, na share fuskar."

"Wa ya sa ka?"

Mutumin ya rikice da gaske. "Kowa haka yake so, madam. Mutanenku ma in ban yi ba sai su dawo min da shi. Shekara goma sha takwas ina wannan aikin."

Sauda ta san ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Ta buɗe baki za ta sauke masa abin da ke cikinta, sai ta ji an ja mata mayafi.

"Mami." Firdaus ba ta ɗauke ido daga hoton ba. "Wannan ta fi kyau, ko?"

Sati uku na dabino da albasa da ciwon gwiwa, ga shi mutum ya rushe su da danna abu biyu, da kyakkyawar niyya. Sauda ta so ta fizge takardar ta yayyaga. Ta so ta ce a'a da ƙarfi. Amma ta san in ta zaɓa mata, gobe wani ma zai zaɓa mata. Ta haɗiye maganar. Ta karɓi katinta ta mayar cikin kyamara, ta nemo hoton, ta ajiye kyamarar a kan kantar shagon kusa da takardar.

"Ga su nan biyu. Ke za ki kai makaranta, ba ni ba. Duba da kyau."

Firdaus ta ɗaga ƙafa ta dogara da kantar. Ta kalli wannan, ta kalli wancan. Wani ya leƙo da fasfo a hannu, ya ga yanayin, ya koma. Yarinyar ta kai yatsa ƙarƙashin girarta ta shafa, sannan ta nemi wurin a takardar.

"Ina tabona?"

Ta ƙara matso da fuskarta kusa da takardar.

"Kuma ya goge ki a idona. Babu tukunyar." Ta ture takardar da yatsa ɗaya zuwa wajen mai shagon. Ta juya harshe zuwa Turancin makaranta, ta ce masa, "Ankul, wannan ba ni ba ce. 'Yan ajinmu za su ce hoton wata na kawo. Ka yi min nawa."

Sauda ta juya tana gyara ledar kwali, don kada a ga idonta.

"Khalas, shi ke nan," in ji dattijon, ya ɗaga hannu biyu. "Yanzu-yanzu."

Wannan karon Sauda ba ta je ko'ina ba. Ta zagaya bayan kantar ba tare da an gayyace ta ba, ta tsaya a kansa. Ya buɗe hoton, hannunsa ya tafi wajen gyara don sabo, ta ce kada ya taɓa. Zai tura wa injin, ta tambaye shi ko injin ma yana da nasa gyaran. Ya ce yana da shi, shi ke daidaita launi da kansa. Ta ce a kashe. Ya nemi wurin kashewar ya daɗe, don bai taɓa kashewa ba. Da takardar ta fito da ɗuminta, ya riƙe ta a gefe-gefe ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Madam, wane situdiyo ya ɗauka?"

"Mamina ce," in ji Firdaus.

"Masha Allah. Ki bar ni in wanke ɗaya in sa a gilashin shago. Mutane su gani."

"A'a," in ji Sauda. "'Yata ba talla ba ce. Ka goge shi daga kwamfutarka ma, ina kallo."

Ya goge tana kallo. Amma kafin nan sai da Firdaus ta sa aka yi guda uku, ɗaya na aji, ɗaya na Hajiya, ɗaya kuma nata na kanta, za ta manna a jikin wadirof.

Ranar Lahadi Sauda ba ta jira motar makaranta ta dawo da Firdaus ba, ta je ɗauko ta da kanta. Tun daga bakin aji ta hango bangon. Hotuna ashirin da huɗu, mafi yawa na waya, wasu a gaban labule, wasu a cikin mota. Firdaus ta manna nata a layin sama, ta hau kujera ta yi, in ji malamar, ta ƙi yarda a taya ta. Yanzu tana tsaye a ƙarƙashinsa da yara biyar a kewaye, tana nuna musu wani abu a cikin idon, suna ta ture juna don su gani. Ko juyowa ba ta yi ba da uwarta ta shigo.

Wata mata 'yar Sudan da ta zo ɗaukar tagwayenta ta tsaya kusa da Sauda, ta kalli hoton, ta kalli na 'ya'yanta da ke can ƙasa, inuwa biyu cikin fararen jallabiyoyi. Ta tambaya a hankali ko Sauda na da lokaci ranar Asabar mai zuwa.

"Ƙarfe tara saura kwata, a tashar Mushairib," in ji Sauda. "Kada ki makara, hasken ba ya jira. Kuma ki zo da wanda zai riƙa duba min baya, mai hankali, ba mai waya ba."

Kai kuma mai karatu, uwa ce ke ko uba ne kai, ga gargaɗi. Duk ranar da ka kai hoton ɗanka wanki, kada ka miƙa kati ka tafi shan shayi. Tsaya a kan mai shagon, ka faɗa masa da baki kada ya haska, kada ya share, ka sa ya kashe gyaran injin. Kuma ka buɗe ambulan ɗin da hannunka kafin yaron ya gani, domin abin da ya fara gani shi zai ɗauka gaskiya, kuma ba kowane yaro ne zai tsaya neman tabonsa ba.